Kashi 0 aka ba ni a kan kunne bayan shekara 6 ina harba igwa, afil zan yi ko in haƙura?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka yi aikin soja a nan Amurka ko suke da wani nasu da ya yi, ku taimaka min da shawara, wlh tun ranar Asabar da wasiƙar nan ta zo kaina ya ɗaure.

Ni cacar biza ce ta kawo ni ƙasar nan daga Kano a 2008, na shiga soja 2009 na fita 2015. Ɓangaren igwa aka kai ni, 13B ga waɗanda suka sani, a Fort Sill ta Oklahoma na yi horo, na je Afganistan sau ɗaya daga 2011 zuwa 2012 a kan igwar M777. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ita in ta tashi ya san ba kunne kaɗai take duka ba, har haƙori da hanji sai sun amsa. Ana ba mu abin toshe kunne kam, ba zan yi wa kowa ƙage ba, ni da hannuna nake zare na gefe ɗaya don in ji abin da saje yake faɗa, lokacin ƙuruciya na kaina gani nake ba abin da zai same ni.

To yanzu jiki ya fara magana. Uwargida kullum faɗanmu a kan ƙarar talabijin, yara in suna min magana daga bayan mota sai sun maimaita sau uku, huɗubar Juma'a in ba sahun gaba na samu ba sai dai in ga bakin liman yana motsi. Wajen suna ko walima kuwa murmushi kawai nake ina gyaɗa kai, har akwai ranar da wani bawan Allah yake gaya min mahaifinsa ya rasu na ce mai masha Allah, har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Ga wani kuka da kunnen yake yi dare da rana kamar gyare ya shige ciki, shi kam na saba da shi.

Bara na cike takardar neman haƙƙi a VA, hukumar kula da tsofaffin sojojin Amurka, aka tura ni gwaji, aka sa ni a wani ɗan ɗaki da abin ji a kai, in na ji ƙara in danna, sannan aka sako kalmomin Turanci ina maimaitawa. Wasiƙar ta ce kunnen dama an yarda aikin soja ne ya jawo amma kashi 0, na hagu kuma ba a yarda ba saboda gwajin da aka min lokacin sallama ya nuna lafiyarsa ƙalau. Lambobin da na gani, dama 48 da kashi 88, hagu 36 da kashi 94.

Wai menene kashi 0 ɗin? An yarda kuma ba a ba ka ko sisi ba, ni ban gane wannan lissafin ba. Afil zan yi, ko lauya zan nema? Kuma ina da niyyar komawa gida nan da 'yan shekaru in yara sun ɗan tasa, to ko wahalar banza zan yi?

Tsohon Saje:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kwantar da hankalinka, abin da ke hannunka ya fi abin da kake zato. Ni shekara 20 na yi a ciki, kuma tun da na ajiye kaki nake taya 'yan'uwa duba irin waɗannan wasiƙun, ba lauya ba ne ni amma na ga da yawa.

Kashi 0 ba ƙi ba ne. Abu mafi wuya a harkar VA shi ne su sa hannu cewa ciwon nan a bakin aiki ka samo shi, kuma a kunnen dama sun riga sun sa. Daga yau in jin ya ƙara raguwa, kuma irin wannan ba ya komawa baya sai dai gaba, ba sai ka sake kawo hujjar igwa ba, kawai ka nemi ƙari a sake gwaji. Sannan na'urar ƙara ji da batirinta da gyaranta duk kyauta za ka samu a asibitinsu, je ka tambayi kuɗin mai kyau guda biyu a waje ka ji, dubban daloli ne.

Yadda 0 ɗin ta fito kuwa lissafi ne zalla, ba ruwansa da tausayi ko labarin walima. Doka ce a rubuce, 38 CFR 4.85. Suna ɗaukar inda ka fara jin ƙara a matakai huɗu, 1000, 2000, 3000 da 4000 Hz, su haɗa su raba huɗu, shi ne 48 ɗinka. Kalmomin nan da ka maimaita kuma gwajin Maryland CNC ne, kalma 50, kowace maki 2, wato ka kama 44 ka zubar da 6. Sai a kai lambobin biyu cikin wani jadawali ya ba kowane kunne daraja daga I zuwa XI, naka na dama ya faɗa II. Wanda ba a yarda da shi ba kuma doka ta ce a ɗauke shi a matsayin I kamar lafiyayye, II da I kuwa 0 suke bayarwa. Kai in kunne ɗaya kaɗai aka karɓa sai ya kai X, wato kusan ya mutu gaba ɗaya, kafin ka ga kashi 10. Shi ya sa tsofaffin sojoji da yawa masu yawo da na'ura a kunne biyu 0 gare su, jadawalin ne da tsauri, kuma gwajin a ɗaki shiru ake yinsa ba a kasuwa ko masallaci ba inda ainihin wahalar take.

Zan gaya maka gaskiya tun yanzu don kar ranka ya ɓaci daga baya, ko ka ci nasara a kan na hagu gobe, da lambobin nan 36 da 94 shi ma I ne, har yanzu 0 za ta fito. Duk da haka ka bi shi, don nan da shekara 10 in kunnuwan sun kai misali III da IV kashi 10 ne in duka biyun na ciki, in kuwa ɗaya ne a ciki 0 za ka ci gaba da gani.

Amma ni abin da ya tsaya min a rubutunka gyaren nan ne da ka ambata a wuce kamar ba komai ba. Wannan sunansa tinitus, ciwo ne mai zaman kansa da lambarsa daban, 6260, kuma kashi 10 ake bayarwa, kunne ɗaya ko biyu duk ɗaya ne ba ya wuce haka. Babu na'urar da ke auna shi, maganarka ce hujja, kuma shi ne ciwon da ya fi kowane yawa a cikin waɗanda VA ke biyan diyya a kai. Kashi 10 a 2025 dala 175 ne da 'yan kai a wata, ba haraji, kuma in kana karɓar diyya ana yafe maka kuɗin da ake cira a bashin sayen gida na VA. Ka sa shi a takardar da ka cike? Mai gwajin ba ta tambaye ka ba? Don fom ɗin da suke cikewa na ji da na tinitus a haɗe yake.

DanZongo Bronx:

Oga kai ma ka cika gaskiya da yawa ne. Wa ya ce ka kama kalma 44? In ka koma gwaji ka bari ƙarar ta yi ƙarfi sosai kafin ka danna, kalmomin kuma ka ce Turanci ba yarenka ba ne shikenan. Akwai kamfanoni ma da suke yi wa mutane komai, wani abokina sun kai shi sama sosai, sun ɗauki kuɗin 'yan watanni na ƙarin da ya samu kawai. Kuma ba ka shiga shari'ar abin toshe kunnen nan ba? Na ji an raba kuɗi.

Maman Ilham:

Baban Khalifa sannu, Allah ya ƙara lafiya. Don Allah kar ka ɗauki shawarar da ke sama da ni, ɗan'uwa DanZongo ka yi haƙuri amma wannan hanyar jefa mutum a rami ce. Masu gwajin nan aikinsu ke nan kullum, suna maimaita ƙara ɗaya ta hanyoyi daban daban, in amsoshinka ba su yi daidai da juna ba sai su rubuta cewa gwajin ba abin dogaro ba ne, kuma rubutun nan yana zama a fayil ɗinka ya bi ka duk inda ka je. Balle ma kuɗin da za ka ciyar da iyali da shi.

Maigidana makaniken jirage masu saukar ungulu ne a soja, mun bi wannan layin tun daga farko har ƙarshe, ni ce ma sakatariyarsa don shi da ya ga doguwar takarda sai barci. Abin da na koya, tun Fabrairun 2019 da aka canza tsarin afil ƙofa uku ce. Akwai fom 20-0996, wani babban ma'aikaci ya sake duba fayil ɗin yadda yake, ba a ƙara ko takarda ɗaya, amma kana iya neman ya kira ka a waya sau ɗaya ka nuna mai inda kake ganin an yi kuskure. Akwai 20-0995, wannan sai da sabuwar hujja wadda ba su gani ba a da kuma ta shafi maganar. Sai 10182 da ke kai ka gaban alƙalin hukumar afil ta Washington, shi kam sai ka shirya jira, wanda ba a zaman sauraro ma shekara guda suke sa wa kansu, in ka nemi zama da alƙali ya fi haka nesa ba kusa ba. Biyun farko kwana 125 suke hari.

Abin da ba na so ka yi wasa da shi kwanan watan da ke saman wasiƙarka. Shekara ɗaya gare ka daga ranar, ba daga ranar da ka buɗe ambulan ba. In ka shigar a cikin shekarar kuma aka ci gaba da bi ba a bari ya yanke ba, duk ranar da ka ci za a biya ka ariyas tun daga ranar da ka fara nema. In ka bari ta wuce an koma sabon lissafi. Mu saura sati biyu muka farga, a firij na manna takardar daga nan.

Mu 20-0995 muka bi. Ni na rubuta shaida a fom 21-10210, ban sa kalmar likita ko ɗaya ba, abin da idona ya gani kawai na faɗa, cewa kafin ya tafi yana jin kukan jaririya daga ɗaya ɗakin, da ya dawo sai na taɓa shi kafin ya san ina magana, ya daina ɗaga waya da kunnen hagu, yana kwana fanka na aiki ko da sanyi saboda ƙarar da ke kansa. Abokin aikinsa ɗaya ma ya rubuta. Ka sa Maman Khalifa ta rubuta nata, in aurenku ya riski lokacin aikin ma ya fi ƙarfi.

Lauya kuma ba yanzu ba a ganina. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion duk suna da wakilai masu lasisi, kyauta suke yi, fom 21-22 kawai za ka sa wa hannu, kuma suna iya buɗe fayil ɗinka a kwamfuta su karanta maka abin da mai gwajin ta rubuta. Lauya mai lasisin VA yawanci kashi 20 na ariyas yake ɗauka, to kashi 20 na 0 nawa ne, ba ma lallai ya karɓi aikin ba. Kamfanonin da ba su da lasisi kuwa doka ba ta ba su damar cajin ka a kan shigar da nema ba, ka tambayi lasisi kafin ka ba kowa lambar sirrinka.

Baban Khalifa:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Yallabai Saje ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ta tambaye ni fa, da Turanci ta ce ko kunnena yana ringin, ni kuma abin da ya zo min a rai ƙarar waya ko ƙararrawa, nawa kuwa ba haka yake ba, tsiiii yake yi kamar gyare ko tayar da ke sace iska, sai na ce mata a'a. Wlh ban san sunansa ke nan ba, na ɗauka duk wanda ya yi soja haka kansa yake. To yanzu ban kashe kaina da bakina ba? Tunda an rubuta na ce babu.

Hajiya Maman Ilham aurenmu 2010 ne, ta san ni da kunnena garau, yanzu haka na karanta mata rubutunki ta ce ai littafi guda za ta rubuta ba shafi ba. Wasiƙar 14 ga watan jiya ne a kanta, na rubuta a bango.

Tsohon Saje:

Ba ka kashe kanka ba, amma kar ka yi shiru a kan a'ar nan kamar ba a yi ta ba, don duk wanda zai duba fayil ɗin sai ya gan ta. Ka rubuta bayani da kanka yadda ka faɗa mana nan, kalmar da aka yi amfani da ita, abin da ka fahimta, yadda ƙarar take a zahiri, yaushe ta fara, kuma ba ta taɓa ɗaukewa ba. In a Afganistan ta fara bayan wani dare da kuka yi ta harbi to ka faɗi haka da watan da wurin. Tunda ba ka taɓa neman tinitus ba sabon nema ne a 21-526EZ, amma yau ɗin nan kafin ka kwanta ka shigar da 21-0966, takardar niyya ce, tana riƙe maka kwanan wata har shekara guda kana tattara hujja a nutse.

Na hagu kuma ni da ni ne ba zan fara da 20-0996 ba, sai na ga fayil tukuna. Ka nemi kwafinsa da fom 20-10206 ko wakilin ya duba maka. Abin da za ka nema gwajin ji na shiga, DD 2215, da na shekara shekara, DD 2216, ka jera su. Sau da yawa kunne yana cikin iyakar lafiya a ranar sallama amma in ka gwada da na ranar shiga sai ka ga ya zame da desibel 10 ko 15 a wajen 4000, kuma nan ne daidai inda ƙarar bindiga take fara ci. Kotun tsofaffin sojoji ta yanke tun 1993 a shari'ar Hensley da Brown cewa don gwajin sallama ya fito lafiya ba shi ke rufe ƙofa ba. In dalilin ƙin bai wuce wannan ba kana da abin faɗa. Aikinka ma yana taimakonka, VA na da jerin ayyukan soja da yawan ƙarar da ke cikinsu tun 2010, 13B na sahun sama, ba wanda zai yi musun ka sha ƙara. Abin da ya rage likitan ji ya rubuta cewa yiwuwar aikin ne ya jawo ta kai rabi, kashi 50, ba a neman tabbas, in hujja ta yi kunnen doki doka ta ce a ba soja. Ka gaya wa likitan wane gefen igwar kake tsayawa, wane kunne kake zare wa toshi, da kuma wace kafaɗa kake ɗora bindiga, don mai harbi da dama kunnen hagu ne ya fi fuskantar bakin bindiga. Za su tambaye ka aikin da ka yi bayan soja, in akwai ƙara a ciki ka faɗa, kar su tono da kansu.

Maganar yare da DanZongo ya kawo akwai ƙanshin gaskiya a ciki amma ba yadda ya faɗa ba. Doka ta yarda in mai gwaji ya tabbatar gwajin kalmomi bai dace da mutum ba saboda matsalar harshe, a ajiye shi a yi amfani da wani jadawalin na ƙara zalla. Shi zai tabbatar ba kai ba, kuma na duba maka, 48 a can ma II ce, ba abin da ka ƙaru da shi. Shari'ar abin toshe kunne ta kamfanin 3M kuwa an sasanta ta a 2023 kan dala biliyan 6, tsakanin kamfani ne da waɗanda suka shigar da ƙara, ba ta da haɗi da wannan neman.

Komawa gida kuma shi ne ma babban dalilin da zai sa ka bi na hagu yanzu kana kusa. Diyya ba ta tsayawa don ka koma Kano, kuma akwai shirin VA na jinyar waɗanda ke ƙasashen waje, FMP, yana biyan maganin ciwon da aka yarda na aiki ne kawai, ko da kashi 0 ne. Wanda ba ya cikin jerin kai za ka biya daga aljihunka. Ka yi rajista da shi kafin ka tattara kaya.

Abba Na Barikin:

Ni daga Kaduna nake karanta ku, ikon Allah. Babanmu ya je Laberiya da ECOMOG farkon shekarun 1990, ya dawo kunne ɗaya a toshe, har ya rasu sai ka zagayo ta damansa kake mai magana, mu duk mun ɗauka tsufa ne da faɗa irin na soja, ashe ƙarar da yake cewa yana ji da daddare ma suna gare ta. Allah ya jiƙansa. Baban Khalifa ka bi haƙƙinka.

Baban Khalifa:

Amin ya Allah, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Na shigar da takardar niyyar yanzun nan ta intanet, minti biyar ba ta kai ba. Na kira ofishin wakilan da ke garinmu sun ba ni Talata ƙarfe 10, sun ce in zo da takardar sallamata, DD-214, da wasiƙar. Na kuma tono wata tsohuwar jaka a gareji na samu gwajin ji guda biyu, na 2009 da na 2013, na hagu a 4000 ya tashi daga 5 zuwa 20. Yallabai wannan zamewar da kake nufi ke nan ko sai na samo na 2015 ɗin ma?